Tambaya da amsa: Ƙananan halittun da ke yin mai a taɓon mangurof, damina da rani duk ɗaya ne a wajensu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ance akwai wasu ƙananan halittu a cikin taɓon dajin mangurof na bakin teku da suke samar da mai, wai man fetur ake nufi? Kuma shin kullum suna nan da yawa ko suma suna da lokacinsu?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. A'a ba fetur bane, mai ne na ci, irin wanda ake cema omega-3, musamman nau'in DHA da ƙwaƙwalwa da ido suke buƙata. Halittun sunansu tirostokitirid, sai da madubin likita ake ganinsu. Wani masani Sparrow ne ya fara bayaninsu a 1936 a Amurka, an daɗe ana ɗaukarsu a dangin funfuna kafin a gano sun fi kusa da wasu gansakukan teku, sai dai su basa haɗa abinci da hasken rana, ruɓaɓɓen abu suke ci. Shi yasa mangurof ya zame musu gida, ganye na faɗowa cikin taɓo su kuma su manne masa su baza wasu siraran zare suna narkar dashi suna tsotsa. Ƙananan dabbobin ruwa su cinye su, kifi ya ci waɗannan, kaga man da muke yabon kifi dashi wani kaso daga irin waɗannan halittu ya taso.

Toh maganar lokaci, nan ne abin yake burge ni gaskiya. Suna buƙatar gishiri, in damina ta sauka koguna suka kwararo da ruwan daɗi gishirin taɓon sai ya ragu, nau'in da baya jurewa ya ja baya mai jurewa ya samu fili, amma kuma wannan ruwan ne dai yake kwaso musu tarkacen ganye da abinci daga tudu, wato damina da hannu ɗaya take basu da ɗayan kuma ta karɓe. Da rani ruwa na ƙafewa gishiri ya taru, saman taɓo ya yi zafi in teku ta janye. Ga lokacin zubar ganye da ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Kuma a sama-sama suke zama, don taɓon mangurof kana nutsawa kaɗan iskar oksijin ta ƙare.

Abin da mutane ke haɗawa alhali daban ne: yawansu da yawan man da ke jikinsu. In abinci mai kabon ya wadata amma naitirojin ya yi ƙaranci sai su rage hayayyafa su koma tara mai, a ɗakin gwaji wasu har kusan rabin busasshen nauyinsu mai ne. Sanyi kuma yana sa kason DHA a cikin man ya ƙaru. Saboda haka zaka iya samunsu birjik amma man kaɗan.

Ni a ganina duk wanda ya ɗebi taɓo sau ɗaya ya yanke hukunci ya yi gaggawa. In bincike zakayi, ɗebo daga wuri ɗaya damina da rani, haɗa da ganyen da ya fara ruɓewa, ka auna gishiri da zafin ruwan a take, sannan ka barbaɗa garin furen fayin (pine, wata bishiya mai ganye kamar allura) a kan ruwan tekun da ka zuba samfurin, bayan 'yan kwanaki zaka gansu da madubin likita sun manne a jikin garin.