Tun da aka sauya mini difaranshal na baya, motata take ɗaurewa idan na saka ogzilari

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Hilux da nake kai kaya da ita daga Agege zuwa wuraren gini a Ajah da Ibeju-Lekki. A watan jiya difaranshal na baya (akwatin giyar da ke raba ƙarfin injin ga tayoyin baya biyu) ya fashe, aka sayo na tokumbo aka ɗaura. Tana tafiya lafiya lau, amma da zarar na saka ogzilari (giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare) sai ta yi nauyi, tayoyi su riƙa kuka, hannun ogzilarin kuma ya ƙi fita sai na ja da baya. Bakanikena ya ce in ci gaba da hawa, ƙarfen zai saba. Ga damina ta kankama, hanyoyin can ba sa shiguwa sai da ogzilari, kuma da motar nan nake ciyar da iyali.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sake saka ogzilari har sai an ƙirga haƙoran giyar gaba da ta baya, domin alamun da ka lissafa suna nuna lissafinsu bai zo ɗaya ba. Kafin nan a duba tayoyi huɗun, saboda bambancin girman taya ma yakan kawo irin wannan ɗaurewa.

Maganar “zai saba” ita ce ta fi ɓata mini rai, kuma kusan kullum sai na ji ta a garejin Legas. Idan ka saka ogzilari a Hilux, akwatinsa yana ƙulle farfelar gaba da ta baya (sandunan ƙarfen da ke kai juyi zuwa difaranshal) su juya da gudu ɗaya, babu abin da ke sassauta tsakaninsu. A ce lissafin difaranshal na gaba 4.10 ne, wato haƙora 41 a babban faifai da 10 a finiyon (ƙaramar giyar da ke juya faifan), wanda aka ɗaura a baya kuma 4.30, haƙora 43 da 10. Bambancin ya kusa kashi 5 cikin ɗari, ma'ana a kowace kilomita tayoyin gaba suna neman su tsere wa na baya da kusan mita 50. Mota kuwa ba ta miƙewa. Dole wannan tazara ta fita ta wani wuri: ko taya ta goge ta a ƙasa, ko ta taru a farfela da mahaɗanta da cikin akwatin ogzilari har mafi rauni a cikinsu ya karye. Shi ya sa hannun yake ƙin fita, an murɗe ƙarafan ne sun cije. To, ta yaya haƙora 43 za su koma 41 don an daɗe ana hawa? Abin da bakanike yake kira sabawa, cinyewa ce. Ranar da ƙarar ta ragu, a buɗe man giya a ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

Wasu kuma sukan ce ai a yashi babu komai tunda taya tana sulɓewa. Gaskiya ne yashi da laka suna ɓoye matsalar, amma direba ba ya fita daga yashi ya tsaya. Yakan hau kwalta da ogzilarin a ciki, sau da yawa cikin ruwan sama. A jiƙaƙƙiyar kwalta, motar da ake tilasta wa tayoyinta biyu su sulɓe ta riga ta rasa wani ɓangare na riƙonta tun kafin ta shiga kwana, ga kaya a baya. A nan maganar ta wuce asarar kuɗi. Masu Prado ma kada su sakankance: difaranshal na tsakiya yana shanye bambancin, shi ya sa ba su ji komai, amma yana aiki babu hutu yana ɗaukar zafi.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya zauna a kan ƙusoshinsa daidai ne. Toyota tana zuba lissafi daban-daban a cikin gidan difaranshal iri ɗaya, gwargwadon injin, fetur ko dizal, da irin giya, da ƙasar da aka yi motar dominta, kayan tokumbo kuwa daga ko'ina suke zuwa.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai jak da alli. A daidaitaccen wuri, a tokare tayoyi, a sa giya a firi, a ɗaga tayar baya guda ɗaya, a yi alama a jikinta da jikin farfela. A juya tayar sau 20 cif, wani yana ƙirga juyin farfela: 41 na nufin 4.10, 43 na nufin 4.30, kusan 45 da rabi kuma 4.56. Idan difaranshal ɗin mai kullewa ne, a ɗaga duka biyun a juya sau 10. A maimaita a gaba, amma sai an tabbatar gaban ya haɗe, in ba haka ba farfelar ba za ta bi tayar ba. Lambar da ke kan farantin mota tana faɗin abin da kamfani ya saka ne kawai. Idan tsohon naka yana nan, a ƙirga haƙoransa da hannu, wannan ya fi kowace shaida. Tazara irin ta 4.10 da 4.11 ba abin damuwa ba ce.

Gyara mafi sauƙi shi ne a mayar da wanda aka sayo, a nemo mai lissafi ɗaya da na gaba, kuma ka sa a ƙirga a gabanka a kasuwar kayan mota ta Ladipo kafin ka biya. Idan faifai da finiyon za a sauya, tare ake sauya su domin tare aka wasa su a masana'anta, kuma sai wanda yake da agogon auna ratar haƙora, yana shafa fenti ya ga inda suke haɗuwa. Kada ka yarda a daidaita da taya mai wani girma, kada kuma a cire farfelar gaba a ce an gama. Bayan gyaran a zubar da man akwatin ogzilari a duba shi, a girgiza mahaɗan farfela biyun, domin wata guda na wannan murɗa yana iya barin rauni a can.