Wa ke biyan kuɗin nazarin bayanan laifuka ga 'yan sandan biranen Amurka?

Tambaya: Malam, na ji cewa 'yan sandan birane a Amurka suna amfani da kwamfuta wajen nazarin bayanan laifuka. Daga ina kuɗin wannan aiki yake fitowa, kuma me ya sa wasu biranen kan fara sannan su watsar?

Amsa: Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kuma mafi yawansu ƙanana ne da ke ƙarƙashin birni ko gunduma. Kasafin kuɗin birnin ne ke ɗauke da su, kaso mafi tsoka kuma yana tafiya ne ga albashi da alawus da fansho, saboda haka abin da yake ragewa don na'ura da manhaja bai taka kara ya karya ba.

Wannan giɓin ne tallafin gwamnatin tarayya yake ɗan cikewa ta hannun Ma'aikatar Shari'a. Mafi shahara shi ne Byrne JAG, wanda aka sa wa sunan Edward Byrne, ɗan sandan Niyok da aka kashe a bakin aiki a 1988. Akwai kuma ofishin COPS, mai ba rundunonin 'yan sanda tallafin kuɗi, da aka kafa a 1994, shekarar da rundunar Niyok ta fara tsarin CompStat na bin diddigin laifuka da alƙaluma da taswira.

Amma tallafi yana da wa'adi, manhaja kuwa galibi hayarta ake yi shekara-shekara. Idan wa'adin ya cika, kuɗin hayar da albashin mai nazarin bayanai da kuɗin adana su duk sai su dawo wuyan majalisar birni, wadda a lokacin da aka sa hannu ba lallai ne ta yi tanadinsu ba. Rundunar Los Anjeles ta daina amfani da manhajar hasashen laifuka ta PredPol a 2020, ta kafa hujja da matsin kasafi na lokacin korona, kodayake tun kafin nan ana sukar manhajar. A shekarar ce kuma birnin Santa Kurus ya haramta irin wannan hasashen baki ɗaya, saboda fargabar cewa bayanan kame na baya za su riƙa mayar da sintiri unguwannin da aka saba takura wa.

A ganina, ƙaramar runduna ta fi buƙatar ta fara kashe kuɗinta kan rumbun rahotanni mai tsafta da ƙwararren mai nazari guda ɗaya. Wanda ya taɓa zama kusa da teburin irin wannan ma'aikaci ya san inda yininsa yake ƙarewa: jami'ai uku sun rubuta adireshin gida ɗaya ta hanya uku, wani ya gajarta sunan titi, wani ya bar gurbin lokaci fanko, sai taswira ta nuna wurare uku masu ɗan laifi alhali wuri ɗaya ne mai yawan laifi. Manhaja komai tsadarta ba ta gyara wannan da kanta. Hukumar FBI ma, da ta koma karɓar alƙaluma ta tsarin NIBRS mai neman bayani dalla-dalla kan kowane laifi a farkon 2021, rundunoni da dama, har da na Niyok da Los Anjeles, ba su shiga ƙididdigar ƙasa ta wannan shekarar ba domin rumbunansu ba su shirya ba.