Amsar Kawu a kan Sammakon Yawon Duwatsu

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa za ka yi 'yan kwanaki a garin shaƙatawa na kan dutse. Ka ce kuɗin hannunka kaɗan ne, kana neman wuraren kallo da za a je a dawo a yini ɗaya, sannan ka tambaya ko dole ne ka bi tsohuwar al'adar masu yawon duwatsu, ta fita da asuba, da faɗa wa mai masauki inda aka nufa, da juyowa da tsakar rana, tunda yanzu taswira tana cikin waya. Na yi murmushi, domin na gane barcin safe kake nema wa hujja, amma bayan murmushin hankalina ya ɗan tashi.

Yawancin irin waɗannan garuruwa an raya su ne domin masu hali da ke gudun zafi. Turawan Ingila sun mai da Shimla mazaunin mulkin Indiya na lokacin zafi a 1864, Faransawa kuma suka gina Ifran a Maroko a 1929. Shi ya sa tsada take taruwa a tsakiyar gari, a otal da motar shata da keken igiya mai hawa dutse. Tafki da kurmi da ƙauyen ƙarshen hanya kuwa, sau da yawa motar haya ta mutanen ƙasa ce ke kai mutum kusa da su, wadda take ɗaukar ma'aikata da 'yan kasuwa da sassafe, ta ƙarshenta kuma ta dawo kafin duhu. Wanda ya makara ya rasa ta, sai ya biya shata.

Ina saurayi aiki ya kai ni wani gari irin wannan, kuma wani dattijo, ƙanen mai masaukinmu, ya yarda ya raka ni wani tafki da ke bayan tsauni. Mun shiga motar farko gari bai gama wayewa ba, muka sauka inda kwalta ta ƙare, muka kama hanyar makiyaya da ƙafa. Sanyi yana cizon yatsu, raɓa ta jiƙe ƙafar wando, hazo kuma ya kwanta a cikin kwari har ƙauyen da muka baro ya ɓace a ƙarƙashinsa. Dattijon bai wuce kowa ba sai ya gaishe shi, ya faɗi inda za mu, ya tambayi labarin rafin da ke gaba. Da hantsi muka isa tafkin, ruwansa a kwance, ana ganin duwatsun gindinsa. Daga nan ƙololuwar tsaunin tana kusa ƙwarai, amma da ya ɗaga kai ya ga wani farin gajimare ya fara tashi tsaye a bayanta, sai ya ɗaure jakarsa ya ce mu koma.

Muna saukowa muka haɗu da wasu baƙi biyu da motar shata ta kawo bayan rana ta take, da riguna marasa kauri. Ya roƙe su su bar hawan sai gobe, suka ce sun riga sun biya kuɗin mota. Mun tsallake rafin ruwa bai kai idon sawu ba. Kafin la'asar sama ta yi baƙi, aka tsuge da ruwa da ƙanƙara, rafin nan ya cika ya kawo yana mirgino duwatsu. Ba wanda ya san hanyar da baƙin suka bi sai mu, domin ba su faɗa wa kowa ba. Mutanen ƙauye suka fita da fitilu da igiya, kuma sai cikin dare aka sauko da su a raye, jikinsu yana karkarwa har ba sa iya magana.

Mahaifinmu yakan ce dutse ba ya hana mutum hawa, saukowa yake hanawa, kakarka kuma ba ta gajiya da cewa matambayi ba ya ɓata. Daga baya karatu ya nuna mini dalilin abin da dattijon ya gani da ido. Rana tana gasa gefen dutse tun safe, iska mai ɗumi ta hau sama ta zama gajimare, shi ya sa a lokacin zafi hadari ya fi yawa bayan azahar. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ƙarfin hasken rana mai ƙona fata kuma yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa 3 kafin tsawa, to tazararta kilomita ɗaya ce kawai. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya tsara lissafi a 1892, cewa a ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara wata awar ga kowace mita 600 ta hawa, ban da hutu. Yi wannan lissafin kafin ka fita, za ka ga yinin bai kai tsawon da kake zato ba.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne, kukan isa wuri domin hoto, ku wuce mai kiwo ba sallama kuna kallon waya, alhali shi ne ya san inda hanya ta zaizaye jiya. Wayar tana da amfani, ka sauke taswirarka tun kana masauki, amma sanyi yana saurin cinye batir, sabis kuma yakan ɗauke a cikin kwari.

Ko dole ne ko ba dole ba, wannan ba zan yanke maka daga nan ba, tunda ban ga yanayin garin a wannan watan ba. Ka tambayi mai masaukinka lokacin motar farko da ta ƙarshe, ka ɗauki ruwa da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, kuma duk ranar da za ka fita ka aiko mini da sunan wurin da lokacin da kake sa ran dawowa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.