Amsa ga Hajiya mai tambaya kan sanya wa firiza sola da kuɗin adashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya, na karanta tambayarki a natse. Kin ce kina sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a gida a Tudun Wadan Zariya, kwasarki ta adashi ta matso, kina kuma neman shawara ko ki zuba kuɗin a sola ko ki sayi janareta mai ƙarfi, sannan kina son sanin yadda za ki ƙara samun masu saye. Ni ina da shagon kayan sanyi da cajin waya a Samaru, na daɗe ina aiki da janareta kafin na koma sola, don haka abin da zan gaya miki abin da na gani ne da idona a cikin sana'a.

Shawarata ita ce ki sa sola, amma ki sa ta domin firiza kaɗai, kada ki yarda a lissafa miki da gidan gaba ɗaya. Yawancin waɗanda na ga sun yi da-na-sani a wannan harka ba solar ce ta cuce su ba. Sun sayi kayan da aka auna domin sana'a ne, daga baya aka jona talabijin da fanka da dutsen guga, batir ya mutu tun bai mayar da kuɗinsa ba. Kuɗin adashinki jari ne, kuma abin da ya kamata jari ya ɗauka shi ne na'urar da take kawo kuɗi.

Dalilin da ya sa ban ba ki shawarar janareta ba a fili yake. Sayensa yana da sauƙi, ciyar da shi ne wahala. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Matsakaicin janareta yana shan kusan lita guda a awa, ita kuwa firiza tana bukatar awoyi masu yawa a jere kafin ruwa ya daskare. Idan kika haɗa da baƙin mai da kuɗin makaniki, za ki tarar ribar ƙanƙarar tana ƙarewa a gidan mai. Wutar kamfani ma ba ta zama mafita ba, domin a watan Afrilun 2024 an ƙara wa 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, kuɗin yunit daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, sauran unguwanni kuwa kuɗinsu da sauƙi amma wutar sai an ga dama.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne maganar batir. A cikin kayan sola, batir ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne yake fara mutuwa. Farantan sola masu kyau suna kai shekara 20 zuwa 25 suna aiki, batir kuwa ba ya kusantar haka. Sa'ar da kika yi ita ce sana'arki ba ta bukatar wuta sosai da dare. Idan firiza ta yi aiki tun daga hantsi har la'asar kai tsaye da hasken rana, kika jera robobin ruwa a ƙasanta suka daskare, wannan ƙanƙarar ita ce za ta riƙe miki sanyi har wayewar gari, muddin ba a yawan buɗe murfin. Wato sanyin da kike bukata da dare a cikin ƙanƙara za ki adana shi, wadda ruwa kawai ta ci, maimakon ki adana wuta a cikin batir mai tsada. Saboda haka ki fi ba da ƙarfi ga yawan faranti, ki sayi batir daidai wanda zai tallafa idan gajimare ya gifta da kuma farkon dare. Ni haka nake yi, kuma na ware ƙaramar kula da nake ɗibar kayan sayarwa a ciki, domin kada a riƙa buɗe firizar duk lokacin da yaro ya zo sayen zoɓo ɗaya.

Batir iri biyu za a nuna miki. Akwai na ruwa, dogon nan da ake ƙara wa ruwan batir, wanda ya fi araha amma ba a so a riƙa zuƙe fiye da rabin cajinsa, kuma zafin bazara yana rage masa kwana. Akwai kuma na litiyam, wanda ya fi tsada amma ana iya amfani da kashi 80 cikin 100 na cajinsa ko fiye, ba ya bukatar ƙarin ruwa, yana kuma daɗewa ninkin na ruwa. Idan kuɗi ya kai, ƙaramin litiyam ya fi manyan na ruwa guda biyu alheri a gare ki. Idan bai kai ba, ki sayi na ruwa sabo, ki ajiye shi a wuri mai iska, ki riƙa duba ruwansa. Batir na hannu kuwa kada ki saya ko da an rantse miki, domin ba a gane lafiyarsa da ido.

Kafin ki je wurin mai haɗawa, ki duba takardar da ke manne a bayan firizarki, za ki ga yawan wat ɗin da take ja. Matsakaiciyar firiza ta kwance tana jan wat 100 zuwa 200 idan tana aiki, amma a daidai lokacin da kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya firizar, take tashi tana fizgar ninkin haka sau uku ko fiye, don haka dole inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta kasance mai ƙarfin ɗaukar wannan fizga, kuma irin wadda take ba da wuta mai tsabta da ba ta ƙona kwamfuresa. Idan firizar tsohuwa ce, robar murfinta ta saki, ki fara gyara wannan, domin ba a ɗibar ruwa da ƙwarya mai huda. Markaɗen aya kuwa ki ci gaba da kai shi inji.

Yanayin Zariya yana taimakon mai wannan sana'a, domin watannin Maris da Afrilu da rana ta fi ƙarfi su ne kuma lokacin da aka fi neman abin sanyi. Lokaci biyu ne wuta take raguwa: hunturu, idan hazo ya rufe sama ƙura ta kwanta a kan faranti, da kuma watan Agusta lokacin marka. A hunturu ki sa a riƙa wanke farantan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, za ki ga bambanci a ranar. A kafa su suna fuskantar kudu da ɗan karkata kaɗan, a bar sarari tsakaninsu da kwano domin iska ta ratsa, a kuma tabbatar inuwar bishiya ko tankin ruwa ba ta faɗa wa ko guda ɗaya ba.

Akwai wani abu da masu sayar da ƙanƙara ba su cika sanyawa a lissafi ba. Cinikin da aka yi a azumin 2024 da na 2025 ya yi yawa ne domin azumin ya faɗo a cikin zafi. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ke nan a shekarun da ke tafe cikin sanyi zai riƙa zuwa. Kada ki gina lissafin mayar da jarinki a kan cinikin buɗa-baki na shekarun baya.

Wajen zaɓen mai haɗawa, ki nemi ya nuna miki aikin da ya yi wa wani shekara biyu da suka wuce, ki aika a tambayi mai wurin. Ki karɓi rasit mai ɗauke da sunan kowane kaya da garantinsa, ki nace a sa waya mai kaurin da ya dace, da abin katse wuta, da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa, domin siririyar waya a kan batir tana iya jawo gobara. Idan kuma za ki ɗauki kayan biya-sannu-sannu, tsarin da ya yaɗu a Kenya inda ake biya ta waya kuma ya iso nan, ki sa a rubuta miki jimillar abin da za ki biya tun farko, da abin da zai faru idan kika yi jinkirin wata guda. Kada kuma ki zuba kwasar duka a kayan wuta. Ki rage abin sayen sukari da aya da zoɓo da robobi, domin firiza mai sanyi ba ta kawo ko sisi idan babu kaya a cikinta.

Game da neman masu saye, babbar tallarki ita ce a san cewa kayanki ba ya yankewa. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke biyowa ta Makurdi zuwa Jos shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa zuwa shagona neman ruwan sanyi da caji. Da yawansu har yau a wurina suke saye, alhali ban ƙara musu kuɗi ba a kwanakin nan, kuma ina ganin rashin ƙarin ne ya riƙe su. Ke ma ki sanar da jama'a a fili cewa kayanki da sanyi kullum, a kawo wuta ko a ɗauke. Ki riƙa ɗora hoton kayan ranar a WhatsApp da safe tare da farashi, ki buga ƙaramar takarda mai suna da lambar waya ki manna a kowace roba, domin robar da aka sha a gidan suna ita ce za ta kawo miki odar gidan biki.

Ki fi neman 'yan sari a kan masu sayen ɗaya-ɗaya: masu sayar da abinci, masu shaguna da ba su da firiza, da masu sana'a a bakin makarantu da tashoshin mota. Kina kusa da Kongo da Gyallesu, inda ɗalibai suke da yawa, amma kada ki dogara da su kaɗai. Mu 'yan Samaru mun ji jiki a 2022 da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, kuma waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne masu abokan ciniki a cikin unguwa. A watannin sanyi da ciniki yake ja baya, za ki iya ba maƙwabta hayar wuri a firizar su ajiye nama ko kifi, ko ki ƙara da fura da yogot.

Kafin kwasar ta zo, ki ɗauki littafi ki rubuta na tsawon mako biyu abin da kike kashewa kullum a mai ko sayen ƙanƙara, da kayan da suke lalacewa saboda rashin sanyi, da masu sayen da kike mayarwa hannu rabbana. Wannan jimillar ce za ta nuna miki cikin wata nawa solar za ta biya kanta. Idan kin turo ta nan tare da abin da ke rubuce a bayan firizar, zan taimaka a lissafa yawan faranti da girman inbata da batir da suka dace da ke, kafin ki shiga kasuwa. Allah ya sa albarka a sana'ar.