Hukuncin karanta tsofaffin littattafan gyaran zuciya

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni malamin makarantar boko ne a Tawa. Mahaifina ya rasu ya bar mini akwatin littattafai, a cikinsu akwai Ihya'u Ulumiddin na Imamu Gazali da Hikam na Ibnu Aɗa'illah. Larabcina matsakaici ne, duk lokacin da na buɗe su sai in ji sun yi mini nauyi. Wani abokina ya ce in ajiye su, wai cike suke da hadisai masu rauni, kuma ilimin halayyar ɗan Adam na zamani ya wadatar da mu. Shin ya halatta in karanta su, kuma suna da sauran amfani?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa abin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi.

Ɗan'uwa, karanta waɗannan littattafai halal ne, kuma asalin abin da suke koyarwa, wato sanin cututtukan zuciya irin su riya da hassada da girman kai da hanyar rabuwa da su, wajibi ne a kan kowane baligi. Allah ya ce a Suratus Shamsi wanda ya tsarkake rai ya rabauta, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir cewa a cikin jiki akwai wata tsoka, idan ta gyaru jiki duka ya gyaru, ita ce zuciya. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a zaurukanmu, domin Ahalari da ake fara biya wa yaro ya soma ne da tuba da tsare harshe kafin ya kai ga alwala, Ibnu Ashir kuma da babin tasawwufi ya rufe baitocinsa.

Maganar abokinka a kan hadisai tana da gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye maka ba. A cikin Ihya akwai masu rauni, akwai ma waɗanda ba su da asali, kuma manyan Malikawa irin su Mazari da Ɗurɗushi sun soki littafin tun da daɗewa, har aka ƙona shi a birnin Kurɗuba na Andalus a zamanin daular Murabiɗai. Sai dai malamai ba su yar da shi ba, hidima suka yi masa. Gazali ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira; Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya tace littafin ya fitar da Minhajul Ƙasidina, daga baya Ibnu Ƙudama ya taƙaita wannan; Hafizul Iraƙi kuma, wanda ya rasu a 806, ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu, kuma aikinsa yana ƙasan shafi a mafi yawan bugun da ke hannun mutane. Saboda haka sharaɗina a kanka shi ne kada ka jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata magana daga littafin sai ka duba abin da Iraƙi ya ce a kanta.

Nauyin da kake ji kuwa iri biyu ne. Na farko na harshe ne da isɗilahi, kuma maganinsa sananne ne: ba a rubuta waɗannan littattafai don mutum ya kulle ɗaki da su shi kaɗai ba, an rubuta su ne don a biya a gaban malami yana fassarawa kalma bayan kalma, kamar yadda mahaifinka ya karɓe su. Na biyu nauyin ishara ne, inda marubuci yake magana a kan halin da mai karatu bai taɓa ɗanɗana ba. Hikam tana daga wannan sashe, shi ya sa Shehu Ahmad Zarruƙ ya yi mata sharhi fiye da sau ɗaya, kuma ban yarda ka karanta ta ba tare da sharhi ba. Littattafan da suka nutsa cikin maganar wahadatul wujudi kuwa, wato ra'ayin cewa babu samuwa ta haƙiƙa sai ta Allah, ina hana mai farawa su baki ɗaya, domin Sayyidina Ali ya yi umarni a yi wa mutane magana da abin da za su gane.

Ka fara da rubu'i na uku na Ihya, wanda ya buɗe da bayanin abubuwan mamakin zuciya, sannan ya zo kan illolin harshe da fushi da hassada. Harshensa ya fi sauƙi, kuma za ka tarar da halin da kake gani kullum a aji da kasuwa an warware shi dalla-dalla. Ka kuma nemi gajerun littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754 miladiyya, cikin ƙasar da yau take jihar Tawa, domin ya ɗebo daga Gazali da Zarruƙ ya sauƙaƙa wa mutanenmu.

Game da ilimin zamani, ba ya kore waɗannan, su ma ba sa kore shi. Malamin nan Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan hijira, ya riga ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka wa mutum ba tare da dalili ba, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki. Wanda damuwa ta hana shi barci da abinci, ko waswasi ya rinjaye shi, ya je wurin likita, kada kowa ya ce masa raunin imani ne, domin an umarce mu da neman magani. Amma likita ba zai koya maka ikhlasi ba, wannan kam sai a wurin waɗancan malamai.

Idan akwai rubutun hannu a cikin akwatin, ka kare shi daga gara da danshi, kada ka sayar, kuma ka sanar da sauran magada, domin yana cikin gado. Allah ne mafi sani.