Kan hotunan ƙuruciyar mahaifinka da ka tarar

Salamu alaikum. Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ka ce ka tarar da hotunansa na samartaka a ƙasan akwati, shi da abokansa, ba ka gane kowa ba sai shi, kana tambaya ko akwai amfanin ajiye su. Akwai ƙwarai, kuma ina roƙonka kada ka yi sanya.

Na yi shekaru ina aiki a wani kamfanin gine-gine a Jidda, ɗakinmu ɗaya da wani mutumin Filifin mai gyaran wuta. Ya girme ni, sai nake kiransa Kuya, wato yaya a wurinsu. Ɗan garin Bacolor ne, a lardin Pampanga da ke arewa da Manila. Yana da wani hoto mara kala da yake naɗewa a leda: samari goma sha ɗaya a gaban cocin San Guillermo ranar bikin gari, sun tara suma, wandunansu masu faɗin ƙafa, ɗaya ya rungume ƙwallon kwando a hammata, na gefensa kuma silifas ne a ƙafarsa. Barkada suke kiran irin wannan taron abokai, kamar dai 'yan majalisar ƙofar gida.

Sai daga baya na fahimci dalilin da yake lallaɓa hoton nan kamar ƙwai. Dutsen Pinatubo ya yi aman wuta ranar 15 ga Yuni, 1991. Garinsu bai mutu a ranar ba. Tokar da ta taru a kan duwatsu ce ruwan sama ya riƙa kwasowa duk damina, ta zama laka mai kauri kamar kwaɓaɓɓen siminti, wadda suke kira lahar. A 1995 ta binne yawancin Bacolor. Cocin nan mai tsawon mita 12 sai da laka ta haɗiye rabinsa, har ya zama ta inda tagogin sama suke a da ake shiga yanzu. Wanda ke gudun tsira da rai ina shi ina ɗaukar hoto?

To, hotunan da suka tsira su ne waɗanda suka bar garin tun da wuri. Daga 1974 gwamnatin Marcos, shugaban Filifin na lokacin, ta mai da tura ma'aikata ƙasashen waje manufarta, samari suka yi ta kwarara Saudiyya da wasu ƙasashe, kowa da hoton gida a jaka. Kuya ya riƙa rubuta wa tsoffin abokansa wasiƙa, na Riyad da na Dammam da na Amurka, yana roƙon su wanko masa abin da suke da shi.

Tara hotunan bai ba shi wahala ba, sunaye ne suka gagara. A hoto ɗaya akwai masu laƙabin Jun har uku, da Boy biyu, kamar yadda za ka samu Abba ko Babangida a kowane layi. Cikakkun sunayen wata tsohuwa ce ta kawo su, wadda a da take da ɗan shago a unguwarsu, don duk ta sha ba su bashin sigari. Amma mai silifas ɗin nan ba wanda ya tuna shi. Kuya ya ce tasa mahaifiyar za ta sani, sai dai ta rasu kafin ya samu hutu ya kai mata hoton. Na ga dattijon nan ya sa yatsa a fuskar yaron, ya daɗe bai ce uffan ba. Har yau abin yana cina.

Don haka ka fara da mutane kafin takarda. Ka ɗauki hotunan ka je wurin gwaggonka ko tsoffin matan gidanku, su suka fi riƙe sunaye da dangantaka. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, don idan an taru babba ne kawai ke magana, kuma ka naɗi muryarsu a waya. Ka rubuta sunan a bayan hoton da fensir, biro yana huda takarda ya ɓata fuska. Waɗanda suka manne da juna kada ka ɓamɓare su da ƙarfi. Ka ɗauki hoton kowanne da waya a inuwa, gaba da baya, don sau da yawa hatimin mai hoton yana baya, da sunan gari.

Idan cikin abokan mahaifinka akwai mai rai, shi za ka fara zuwa wurinsa, ko da Juma'ar nan ce bayan an sauko daga masallaci.