Ƙarfen ɗori mai hana ruɓewa: in ci bashi in saya?

Tambaya: Likita, ƙanena ya faɗi da babur a Agege, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya hudo fata. An ce za a sa masa ƙarfe. Na ji akwai wanda aka shafe da magani, ba ya ruɓar da ƙafa kuma ba ya cinyewa. In ci bashi in nemo masa? Wallahi ina tsoron a yanke ƙafar.

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Abu biyu ka haɗa, Malam. Rufin hana cinyewa, irin mai launin zinaren nan, an yi shi ne don gwiwa da ƙugu na ƙarfe, inda ake guga kullum. Sandar da za a zura a ƙwaurin ƙanenka ba ta gugar komai. Na kashe ƙwayoyin cuta kuwa akwai na azurfa, an fi sa shi inda ciwon daji ya ci ƙashi, akwai kuma sanda mai rufin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira jentamaisin. Tana iya taimakawa a irin karayarsa, amma maganin ƙarewa yake yi, ba ya zama har abada. Wanke raunin da wuri a ɗakin tiyata ya fi kowane rufi. Kar ka ci bashi sai likitan ƙashi, ko a asibitin ƙashi na Igbobi ko inda yake kwance, ya ce da buƙata.

Abin da ke cin ƙafa a garin nan daban ne. An sallami mutum, wurin ɗinki ya fara tsatsar ruwa, sai a nufi kemis. A sha kafso kwana uku, a fasa wani a barbaɗa a ciwon, ruwa ya tsaya, a ce an warke. Ina! Ƙwayoyin cuta in sun manne a ƙarfe sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi, ƙarfe kuma ba shi da jijiyar jinin da za ta kai musu magani. Kafso ya kashe na waje, na ciki suna kwance. Bayan watanni a dawo mana ƙashi ya ƙi haɗewa, mugunya na zuba, a ce ai ƙarfen ne. Wani ma sai an biya ta wurin maɗori ya daddanna tukuna. Mai kemis da bai taɓa ganin hoton ƙashin ba, me yake warkarwa?

Ka ga ja, kumburi, zazzaɓi ko ruwa, ku koma asibiti ranar. A makonnin farko ana iya wankewa, a ɗebi samfuri a gano ƙwayar, a bar ƙarfen. In an makara, sau da yawa sai an cire shi. In yana shan taba ya daina, a kuma auna sugansa.